Huhu Hamsin da Huɗu a Akwatin Ƙarfe

Kumasi Zango,
3 ga Nuwamba, 1969.

Zuwa ga Kawu Awalu, Bebeji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gwiwar nan taka da ba ta son sanyi. Ina fata mai ɗakina uwar Alima da 'yarmu Alima suna nan ƙalau. Ni ma lafiya lau, sai gajiya.

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Na rubuta maka adadin ne don a takardarka ka ce bakwai. Kada ka ƙara mini wata takwas da ban yi ba, Kawu, waɗanda na yi ma sun ishe ni.

Takardar taka ta iso, na karanta ta sau biyu ina neman inda gaisuwa ta ƙare faɗa ya fara, ban samu ba. Wanda ya kai maka labari rabi ya kai, bari in cika maka. Maigidana Alhaji Buraima, wanda nake yi wa ɗaurin goro tun zuwana, ya sami mai saye a Jidda, wani Bahaushe mazaunin can, yana son kaya su iso kafin alhazai su sauka. Alhaji ya zuba huhu arba'in. Ni na zuba goma sha huɗu, kuma goma sha huɗun nan su ne duk abin da shekara shida ta haifar mini. In sun isa lafiya, bayan Babbar Sallah zan naɗe tabarmata in dawo gida gaba ɗaya. In ba su isa ba, to, ban ma son in rubuta.

Ka ce in bi tsohuwar hanya yadda ka bi, in hau mota da kayana, Kano, Maiduguri, Far Lami, Abashe, Kartum, har Bar Sudan, sannan in tsallaka ruwa. Ban raina hanyar ba. Kai ka koya mini amfaninta: duk inda aka yada zango ka kwance huhu, ka tsince mai sankara kafin ya shafa wa 'yan'uwansa, ka canja ganye, ka yayyafa ruwa, ka ɗaure. Goro yana hannunka kamar jariri. Amma Kawu, shekara ashirin ke nan da ka bi ta. Yanzu iyaka nawa ce tsakanin nan da can, kowace da mai hula a bakinta yana jiran cin goro, kuma ba ɗaya yake ci ba? Ƙasarmu ana yaƙi, motoci sun yi wuya. Bayan Far Lami an ce 'yan tawaye na tare hanya. Wata biyu ne in an yi sa'a, ni kuwa bayana ba na da ba ne.

Sabuwar hanya ga yadda take. Akwati ne na ƙarfe, girman ƙaramin ɗaki, su suna ce masa kwantena. A zuba kaya, a rufe, 'yan kwastan su buga hatimin dalma a ƙofar, inji ya ɗaga shi ya ɗora a jirgin ruwa, ba mai sake taɓa shi sai a Jidda. Mashigin ruwan Masar a rufe yake tun yaƙin Larabawa, don haka jirgin zai zagaya ta gindin Afirka. Duk da zagayen, kamfanin jirgin ya ce kwana arba'in. Na ga irin akwatin da idona a tashar jirgin ƙasa ta nan, lokacin da atamfar Alhaji ta zo daga Ingila. Da can kowane dila sai an farke shi a tasha an zare turmi biyu uku. Wannan karon ko zare bai ɓata ba. Abin da ya ci ni ke nan, ba kwaɗayin sabon abu ba, kamar yadda ka rubuta.

Mai kula da takardun shi ne Osmanu, surukin Alhaji, ɗan boko mai agogo, yana zaune a Takoradi bakin teku. Ba na ƙinsa, sai dai bai san farin goro da ja ba sai ya ɓare. Hausarsa kuma irin ta 'yan zango ce: ƙofa kofa, ƙasa kasa, matarsa ma "ya tafi kasuwa" yake ce mata, rabin maganar Asante rabi Turanci. Shekara shida kunnena bai saba ba. Amma ranar da zan fara ɗauri ya bugo wayar tangaraho daga Takoradi, ga abin da ke jikin takardar: AKWATI RANAR LARABA KARA SA RUWA. Wato in ƙara sa ruwa. Na ce yau dai ɗan bokon nan ya faɗi magana mai hankali, don abin da ke raina ke nan. Kayan da za su yi kwana arba'in ba mai yayyafa musu, ai sai a ba su guzurinsu tun daga gida. Maame Afrakoma, Ba'asantiyar da nake sayen fita, ganyen naɗe goro, a wurinta can wajen Sofoline, ta kawo mini ganye ɗanye shar. Ta tsaya tana kallona ina jiƙawa, ta ce Kramo, haka take kirana, wato Musulmi, goro kake ɗaurewa ko wanka kake yi masa? Na ce mata ta tsaya kan ganyenta. Na ba kowane huhu ruwa ninki biyu, na ɗora su a jirgin ƙasa, an rufe akwati ranar Laraba. Jirgin ruwa ran Asabar mai zuwa.

Abu guda zan ba ka gaskiya a kai. Tun da kayan suka tafi hannuwana ba su san abin da za su yi ba. Ban taɓa kwana nesa da goron da na ɗaure ba alhali yana kan hanya.

Ka gai da uwar Alima, ka ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan. Ka gai da liman da dukan mutanen ƙofar gida. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ɗanka,
Muniru.


Kumasi,
6 ga Disamba, 1969.

Zuwa ga Kawu Awalu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kana shan ruwa lafiya, kai da iyali duka. Yaya gwiwa? Yaya uwar Alima da yarinya? Ni ina nan da rai, kada ku saurari masu cewa an kama ni.

Na san labarin ya riga takardata, tunda motoci suna ta sauke mutane a Kano. Gaskiya ne. Ana tsakiyar azumi gwamnati ta yi shela a rediyo, duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Wa'adin ya cika ran Talata. Kawu, wa ya taɓa tambayarmu takarda? Kai da ka zo sayen goro zamaninka, wa ya tambaye ka? Gidan da nake haya a Dichemso ɗaki goma sha ɗaya ne, yanzu uku ke da mutane. Tela maƙwabcina ya sayar da kekensa a kuɗin da bai kai na buhun masara ba, ya tsaya yana kallon mai saye na ɗaure shi a kai. A tashar mota mutane kwance kan kayansu da ƙishirwar azumi, direbobi kuma sun ninka kuɗi sau uku, kuma direbobin nan namu ne, tare muke sallah.

Shi kansa Alhaji Buraima an kira shi ofis. Mutumin da aka haifa a Ashanti New Town, ubansa ma a nan aka binne shi, Asante a bakinsa ta fi Hausa daɗi. An ce ya kawo takardar shigowar kakansa. Ya ce musu kakansa da jaki ya shigo, in an sami takardar jakin to ta kakan na tare da ita. Ba su yi dariya ba. Har yanzu ana bincike.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Akwatin bai tafi ba. Jirgin da aka ce ran Asabar bai tsaya Takoradi ba sam, wai ya makara a hanya, ya wuce. Aka ce na bayansa, mako biyu. Kafin ya iso shela ta fito, aka ce kayan da ke da sunan wanda ake bincike ba za su motsa ba sai an gama da shi. Osmanu ya tafi Akra yana bin ofis-ofis, ban ma sa shi a ido ba.

Na hau jirgin ƙasa na je da kaina, ba takarda, ina sunkuyar da kai a kowace tasha. Na same shi a fili bayan waya, ba rumfa ba inuwa. Mai gadi ya bar ni na shiga don na ba shi goro biyu daga aljihu. Na ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, sai da na janye. Kawu, a kan wannan ƙarfe ana iya toya ƙosai. Na kai hanci bakin ƙofar, ban ji komai ba, kuma rashin jin ya fi tayar mini da hankali, don abin da bai bar wari ya fito ba bai bar iska ta shiga ba. Na roƙi akawun kamfanin ya bar ni in buɗe na sa'a biyu kacal, in canja ganye. Ya ce hatimi ba nasa ba ne, na kwastan ne. Na je can, aka ce kaya ba nasu ba ne, na kamfani ne. Na koma, ya ce in dawo Litinin. Na dawo Litinin, ya ce ai bai faɗi wace Litinin ba. Ban zage shi ba don ina azumi, kuma shi ma daga sama ake taka shi. Amma goro na taku ɗaya da ni, ƙarfe kaurin yatsa ya raba mu, ni da na iya aikin ina tsaye kamar ɗan kallo.

Kada ka ce duk mutanen ƙasar nan ɗaya ne. Wasu sun yi murna, sun zo suna taya kayan mutane a wulaƙance. Amma yanzu haka a gidan Maame Afrakoma nake rubuta maka. Ita ta aiko aka ɗauko ni, ta ba ni ɗakin da take ajiye ganye, ta gaya wa maƙwabta wai ni mai gadin gonarta ne daga arewacin ƙasar. Kullum da la'asar sai ta yi mitar wane irin addini ne zai hana mutum ko ruwa, sannan ta dafa doya da miya ba naman da zan yi shakka, ta ajiye mini kafin a kira sallah.

Takardarka ta biyu ta same ni. Ka ce in bar goro in tsira da raina. Ka kuma ba ni labarin Yusif ɗan unguwarmu da ya bi ta Kano da huhu talatin, ka ce har ya kwana gidanka ka taya shi canja ganye. Na ji, Kawu. Ba sai ka ja layi a ƙarƙashin sunansa ba, na iya karatu. Amma ba zan taho ba. Ba nawa kaɗai ke cikin akwatin nan ba, akwai arba'in na mutumin da ya riƙe ni shekara shida, kuma hannuna ne ya ɗaure su. Abin da ke kwantar mini da rai guda ne, na ba su ruwa isasshe. Ko an ƙara mako uku ba za su bushe ba.

Ka yi wa uwar Alima bayani a hankali. Ka sa mu a addu'a cikin kwanakin nan masu albarka. A yi Sallah lafiya.

Ɗanka,
Muniru.


Kumasi,
18 ga Janairu, 1970.

Zuwa ga Kawu Awalu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Mun ji an ce yaƙin gida ya ƙare, Allah ya sa ƙarshensa ke nan. Ina gai da uwar Alima da Alima.

Ka zauna kafin ka karanta wannan.

An wanke Alhaji, an ce ɗan ƙasa ne. Jirgi ma ya zo. Da inji ya ɗaga akwatin sai baƙin ruwa ya tsiyayo ta gindinsa, mutanen jirgin suka ce ba za su ɗauka ba. Abin da na yi wata guda ina roƙo aka hana ni, ranar Litinin da ta wuce aka yi shi cikin minti biyar, aka yanke hatimi. Kwana saba'in da biyar ke nan da rufewa.

Tururi ne ya fara fitowa, sannan warin. Lebura biyu suka gudu. Rufin akwatin daga ciki yana ɗiga kamar murfin tukunya. Ganyen ya narke ya zama taɓo, fumfuna ta yi gashi a kan huhunan, in ka damƙi goro sai ya fashe a hannunka. Ba bushewa ya yi ba, Kawu. Dahuwa ya yi.

Osmanu na tsaye da hankici a hanci, sai ya juyo yana yi mini ihu, Asante da Turanci da Hausa a haɗe, wai me ya sa na jiƙa kaya bayan ya buga mini waya musamman. Na ce ai wayarka na bi. Na zaro takardar daga aljihu, don tana tare da ni tun ranar, na nuna masa, KARA SA RUWA. Ya karanta da bakinsa a gaban kowa: kar a sa ruwa.

Ashe akawun kamfani ne ya gargaɗe shi cewa akwatin ba ya numfashi, duk abin da ya shiga da laima zai yi gumi ya ruɓe. Shi kuma bai taɓa koyon rubuta Hausa ba, makarantar Turanci ya yi, ya rubuta yadda kunnensa ke ji, ya manne kalma biyu wuri guda. Ni kuma shekara shida ina gyara musu ƙ a cikin kaina duk inda suka yar da ita, sai na gyara har inda ba a yar ba.

Na so in shaƙe shi, ban ɓoye maka ba. Kwana biyu ina tsara yadda laifin zai zama nasa duka, bai tsaru ba. Mutum ya ga takarda mai fuska biyu, ba sai ya tambaya ba? Ban tambaya ba don ta faɗi abin da nake so in ji. Ko da ya rubuta daidai, na san kaina, da na ce ɗan boko me ya sani, in yayyafa rabi a ɓoye. Matar da ke sayar da ganye ma ta gani ta yi magana, na ce ta tsaya kan ganyenta. Kuma kada ka ɗauki wannan a kanka. Abin da ka koya mini daidai ne a hanyar da ka koya mini shi, inda rana da iska ke shanye ruwan kullum. Ni na ɗauki ilmin bayan mota na shiga da shi cikin tukunya.

Abin da ya fi ruɓewar ciwo shi ne wannan. Ranar ɗauri na fara da na Alhaji, na ba su duk kulawata. Da na zo kan nawa lokacin jirgin ƙasa ya matso, uku na ƙarshe na ɗaure su a gurguje da ganyen da ya sha iska, ba ruwa, ina jin kunyar aikin, shi ya sa ban faɗa maka ba. Su ukun nan ne suka fita da sauƙi, sun ɗan yanƙwane amma goro ne. Kafin in dawo Kumasi magana ta riga ni: Muniru ya san abin da yake yi, ya jiƙa na maigida ya bar nasa. A masallaci wani ya ce mini sannu da dabara. Shi Alhaji ya dai ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma bai dube ni ba da ya faɗa.

Kwana huɗu muka yi a wata rumfa a Takoradi muna tsinta, muna wankewa, muna shanyawa. Maame ta biyo jirgin ƙasa da sabon ganye, tana aiki tana yi mini tsiya, wai Kramo ya gama wa goro wanka saura ya sa masa riga. Osmanu ma, in ba shi haƙƙinsa, ya cire agogo ya naɗe hannun riga, ya yi amai sau biyu ya dawo ya zauna. Yanzu ya san fari da ja.

Da muka kawo abin da ya tsira gidan Alhaji, na juye duka a tabarma ɗaya gaban mutane, har da na huhu ukun nan, na cuɗe su da hannuna yadda ba mai iya cewa wannan na wane ne. Na ce a raba bisa yawan huhun kowa. Alhaji ya ce ba sai an yi haka ba. Na ce sai an yi. Sannan ya ɗago ya dube ni. Wanda ya ce mini sannu da dabara yana wurin, shi na sa ya ƙirga.

Game da gardamarmu, takardar Yusif ta zo wa ɗan'uwansa daga Kartum. Wata biyu da rabi yana hanya, mota ta karye sau biyu, masu bindiga sun ɗebi rabonsu, zazzaɓi ya kwantar da shi, cikin talatin saura goma sha tara. Amma zai isa kafin alhazai. Ka ci wannan, Kawu, na ba ka. Sai dai ba duka ba. Akwatin bai yi ƙarya ba, an ce ba mai taɓa abin da ke ciki, kuma ba wanda ya taɓa, har ni. Atamfa da kwano da duk abin da ba ya numfashi, nan gaba ta nan za su riƙa bi, ko muna so ko ba ma so. Goro ne dai bai shirya ba, ko kuwa mu ne ba mu shirya ba.

Alhaji ya nema mini takardar zama, an hana. An ba ni kwana goma. Zan bi motar Bawku, in ratsa ta Yamai da Maraɗi in sauko Katsina, kayana a ƙarƙashin ƙafata inda zan iya kwance su duk inda aka tsaya. Na ce zan dawo bayan Babbar Sallah, ga shi zan riga ta. Ka gaya wa uwar Alima gaskiya tun yanzu, kada ta ji a bakin mata, kuma kada a yi girki na taryar baƙo. Kai ma in na iso ka bar ni in sha ruwa tukuna kafin ka fara.

Gaisuwa ga liman da mutanen ƙofar gida. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗanka,
Muniru.

Na san za ka tambaya, gara ka ji a rubuce. Huhu hamsin da huɗu, kowanne ƙwarya ashirin, ƙwarya goro ɗari. Abin da ya tsira duka ƙwarya tamanin da ɗaya. Alhaji sittin, ni ashirin da ɗaya. Na ba Maame ɗaya. Saura ashirin, shida fari, goma sha huɗu ja. Huhu ɗaya ke nan.